Dokar Hana Gaisuwa

Lubabatu irin matan nan ce da in suka ɗauki abu da zafi har abinci mantawa suke yi. Ita ce sakatariyar wata 'yar ƙungiya a Gummi mai nema wa mata masu haihuwa jini, kyauta, saboda Allah. Da ta ga bin mutane gida-gida yana cinye lokaci, ga hanya ba tsaro, sai ta buɗe guruf a Watsap. Ta zuba malaman makaranta na Anka, 'yan kabu-kabu na Zugu, har da Manu, wani makiyayi a Gwashi wanda sai ya hau tudu yake samun sabis.

Abu ya karɓu fiye da zatonta. Sai dai kun san mutanenmu da gaisuwa. Ana idar da sallar asuba waya za ta fara tsuwa: ina kwana, ya gida, ya ruwa, ya shanu, ga hoton fure, ga hoton kofin shayi. Ranar Juma'a kuwa ba a magana. Abin ya ishi Lubabatu. Ta ce wata rana sanarwar neman jini za ta nutse a cikin barka da Juma'a, a rasa rai a banza. Sai ta kafa doka: daga yau ba gaisuwa, sai abin da ya tara mu.

Guruf ya yi tsaf, ya kuma yi tsit. Ita kuwa har nuna wa mutane take yi, wai a ga tsari.

Wata ranar Talata da hantsi Hajara ungozoma ta kira ta daga asibiti. An kawo wata Zinatu daga Zugu a kan babur, ta haihu, amma jini ya ƙi tsayawa, na mijinta kuma bai dace ba.

Nan take Lubabatu ta rubuta sanarwa ta tura. Ta ga an buɗe, wannan ya gani, wancan ya gani, amma ko tari babu wanda ya yi. Kowa ya ɗauke ta kamar sanarwar rediyo, ya ce da wani ake. Hajara ta sake kira. Ran Lubabatu ya ɓaci. Ta danna wurin ɗaukar murya da niyyar ta wanke su tas. Amma baki ya riga ya saba, abin da ya fara fitowa sallama ce. Da ta ji ta fara, sai ta zarce.

"Malam Manu na Gwashi, ina kwana? Ya shanu, ya Inna da ƙafa? Abdulrashid na Zugu, kun tashi lafiya? Ya yara?"

Haka ta bi su da suna, sannan ta faɗi halin da Zinatu ke ciki.

To, wa za a gaishe shi da sunansa ya yi shiru? Muryar Manu ce ta fara shigowa, yana haki, da alama da gudu ya hau tudun.

"Wa alaikumus salam, Malama. Lahiya lau muke. Ashe an buɗe muna baki. Abdulrashid, kana nan? Tun da anka hana gaisuwa ban san ko kun kwana ba."

Nan Lubabatu ta farga. Zugu gari ne da 'yan bindiga suka sha shiga. Ashe wannan ina kwana da take kira surutu, da ita mutane ke sanin waɗanda suka wayi gari.

"Muna nan, Manu, da ranmu," in ji Abdulrashid. "Zinatu ai matar maƙwabcina ta. Ga ni bisa mashin."

Daga nan waya ta rikice. Wannan na amsa gaisuwa yana tambayar wane ɗaki, wancan na cewa a tsaya a ɗauke shi a bakin kasuwa. Wani malami a Anka ya kira ƙanensa mai shago a Gummi, ya ce ya rufe ya ruga. Lubabatu ta figi mayafi, ta fita da silifas wari-wari, tana dariya tana share hawaye, wayar na ta tsuwa a hannunta. Kafin azahar babura sun cika gindin darbejiyar asibiti, mutane na naɗe hannun riga suna gardamar wa ya riga zuwa. Jinin mai shagon nan ya dace, na Abdulrashid ma haka.

Washegari Lubabatu ta tashi da niyyar ita za ta fara gaida jama'a, sai ta tarar an riga ta. Saƙon murya ne daga wayar Hajara, amma muryar ba tata ba ce. Wata 'yar siririyar murya ce, a gajiye, ga kukan jariri a bayanta.

"Ni ce Zinatu. Ina kwananku? Mu dai mun kwana."