Ranar da Yaya Ta Zauna a Waje

Tun Auta yana ƙarami, Yaya ce bakinsa. Ita ce babba a gidan, shi ne na ƙarshe, kuma da yake bai fara magana da wuri ba, ita ke gaya wa mutane abin da yake so. Idan ya ture kwano, ita ta san ba abincin ya ƙi ba, cokalin ne ba nasa ba. Da ya shiga makaranta, wasu malamai suka ce taurin kai ne da shi, wasu suka ce shagwaɓa ce. Sai da ya kusa gama firamare wata likita ta ce galahanga ce, abin da suke kira otizim, kuma ba abu ne da za a sha magani ya tafi ba. Haka ƙwaƙwalwarsa take aiki. Daga nan Yaya ta zama lauyarsa. Babu ofishin hedimastan da ba ta shiga ba. Umma takan ce da ana ba da digiri a faɗa da malamai, da tuni Yaya ta zama farfesa.

Yanzu Auta ya girma har da gemu, yana aiki a laburaren wata kwaleji, ita kuma tana da shagon ɗinki da 'ya'yanta. Aikinsa a ɗakin baya yake, inda ake liƙe littattafan da suka yage, a manna musu lamba, a mayar da su kan kanta. Ɗakin ƙarami ne, yana warin gam da tsohuwar takarda, kuma ba mai shiga sai da dalili. Auta yana son sa haka.

Sai aka kawo sabuwar shugaba. Mace ce mai tsari, ba ta da mugunta, amma tana son komai ya tafi bai ɗaya. Ta ce daga yanzu kowane ma'aikaci zai riƙa zama a teburin gaba, inda ɗalibai ke aro da mayar da littattafai, don kada wasu su sha rana wasu su sha inuwa.

Yaya tana kan keke tana ɗinke hannun wata riga Dogo ya bugo mata waya. Dogo abokin aikin Auta ne, shi kaɗai a wurin ya san larurarsa.

"Yaya, an samu matsala fa," in ji shi. "An sa shi a teburin gaba da safe, lokacin da ɗalibai suka fi yawa. Ga ƙwan fitilar nan da ke ƙara a saman kansa, ga mutum biyar suna magana lokaci guda. Sai wani malami ya zo neman littafi, yana buga teburi yana cewa, 'Kalle ni idan ina maka magana.' Auta ya toshe kunne ya fita. A ƙarƙashin bene na same shi yana jijjiga jiki. Malamin ya kai ƙara, shugaba ta ce gobe tana son ganin sa."

Yaya ta rufe shago tun kafin lokaci. A gidan Umma ta sami Auta yana goge takalminsa. Ba ta ko zauna ba ta fara jera abin da za ta faɗa. Za ta tambayi shugabar nan ko ta san doka. Za ta nemi a kira malamin ya maimaita a gabanta.

"Yaya," in ji Auta, idonsa a kan takalmin. "Za ki raka ni. Amma a waje za ki zauna."

"A waje kamar yaya?"

"A kan benci. Akwai benci."

"Auta, mutanen nan za su juya ka. Kafin ka haɗa magana ɗaya sun yi goma."

"Za su jira," in ji shi. "Aikina ne. Ke kina ɗaga murya, idan kika ɗaga murya ni ma ba na jin abin da ake cewa."

Maganar ta soke ta. Ta juya wajen Umma tana neman mai goya mata baya, Umma ta ce ita dai ba ta ji komai ba, kunnenta ya tsufa.

Washegari suka tafi tare. A bakin ofishin Auta ya nuna mata bencin kamar mai nuna wa baƙo masauki, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya shiga. Yaya ta zauna, jaka a cinya. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, tana jin muryoyi sama-sama.

Shugaba ta faɗi ƙarar da aka kawo, ta ce barin teburi da mutum a tsaye ba ƙaramin abu ba ne. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har Yaya ta miƙe tsaye. Dogo da ke wucewa da amalanken littattafai ya girgiza mata kai, ta koma ta zauna tana murza hannun jakarta.

"Ranki ya daɗe, ina da galahanga," ta ji Auta ya ce. "Idan na kalli idon mutum, ba na gane abin da yake faɗa. Idan na kalli teburi, ina ganewa. Shi malamin yana so in kalle shi kuma in ji shi. Ɗaya zan iya."

"To me ya sa ka fita?"

"Ƙara ta yi yawa. Da na tsaya, ihu zan yi. Fita ta fi ihu."

Shugaba ta tambaye shi me yake so a yi. Ya faɗa a hankali, yana tsayawa tsakanin magana da magana. A bar shi a ɗakin baya da safe, ya zauna a teburin gaba da yamma idan mutane sun ragu. A canja ƙwan fitilar. Idan za a sauya masa aiki, a gaya masa tun ana gobe. A bar shi ya sa abin toshe kunne.

Ba duka ta yarda ba. Ta ce fitila za a canja, aikin yamma ma babu laifi, sanarwa kuma za ta yi iya ƙoƙarinta, ko da yake wani lokaci ita ma da safe ake gaya mata. Abin toshe kunne kuwa a ɗakin baya kawai, domin a teburi dole mai zuwa ya ga ana sauraron sa. Sannan ta ce sai ya ba malamin haƙuri.

"Zan ba shi haƙurin fitar da na yi," in ji Auta. "Ban da na kallon. Wannan ban yi laifi ba."

Yaya ta dafe ƙirji, ta ce a ranta shi ke nan, ya ɓata komai. Sai ta ji shugaba ta yi 'yar dariya ta ce, "To, a tsaya a nan."

Da suka fito, shugaba ta ga Yaya, suka gaisa. Ta ce, "Ke ce yayar tasa? Me ya sa ba a gaya mana tun farko ba?"

"Ranki ya daɗe, duk inda muka je neman aiki muka faɗa tun farko, cewa suke za su kira mu. Har yau muna jiran kiran."

Shugaba ta ce ita kanta ba ta san abin sosai ba, sai dai ta tambaya. Yaya ta buɗe baki za ta fara bayani, shugaba ta riga ta juya wajen Auta tana tambayar sa ko hasken taga ma yana damun sa. Ya ce a'a, na taga ba ya ƙara.

Auta ya duba agogo ya ce lokacin aiki ya yi, ya wuce ɗakin baya ba tare da ya waiwayo ba. Yaya ta fita ita kaɗai. A tashar mota ta tsaya tana jin wani iri, ga daɗi, ga kuma wani abu kamar an karɓe mata kaya daga ka ba ta shirya ba. Duk maganganun da ta tanada suna nan a cikinta, ba ta yi amfani da ko ɗaya ba. Ƙarshe a kan kwandastan da ya taka mata ƙafa ta sauke rabinsu.

Auta ya ba malamin haƙuri kamar yadda ya ce, na fita kawai. Malamin ya karɓa a daƙile, kuma tun daga ranar idan zai ari littafi da safe yake zuwa, lokacin da Auta yake ɗakin baya. Sau biyu shugaba ta manta ta sauya wa Auta aiki ba sanarwa. Na farko ya wuni a hargitse, na biyu ya je ofishinta da kansa ya tuna mata. Da zangon karatu ya zagayo, ta sa aka kwashe tarkacen wani ɗan ɗaki kusa da bene, aka sa kujeru da labule, aka ce duk ɗalibin da hayaniya ta dame shi ya shiga ya yi karatu. Ɗakin bai taɓa zama babu kowa ba.

Ta kuma roƙi Auta ya yi wa sababbin ma'aikata jawabi a kan larurarsa. Ya ce a'a, shi ba ya jawabi, amma duk mai tambaya ya same shi a ɗakin baya, mutum ɗaya-ɗaya, kuma ya ƙwanƙwasa kafin ya shiga. Wasu sun je. Dogo ya gaya wa Yaya cewa har da wata malama da ɗanta bai fara magana ba, ta daɗe a ciki, Auta yana liƙe littafi yana amsa mata abin da ya sani, abin da bai sani ba kuma ya ce bai sani ba.