Allunan da Ke Ƙarƙashin Kafet

Ranar Talata ce, ruwa mai sanyi yana ta zuba tun asuba, lokacin da gadon ɗaukar majiyyata ya ƙi hawa matakalar gidan gonar Horace Yapp. Tsohuwar matakala ce, tana murɗewa ta bayan murhu, ko mutum ɗaya sai ya karkace kafaɗa yake wucewa.

Neville, maƙwabcinsu mai kiwon tumaki, yana tsaye a bakin ɗakin sama. Tsoho Horace yana kwance a ƙasa inda ya faɗi, ƙugu a karye, numfashi na fita da ƙyar.

"Ba zai iya zama a kujera ba," in ji ma'aikaciyar motar asibiti. "A kwance za mu sauko da shi, kuma ba ma so a daɗe."

Horace ya yi 'yar dariya. "Yarinya, ai waɗanda suka gina gidan nan sun riga ki tunani. Neville, naɗe kafet ɗin nan. Allunan katako uku ne a daɓen, a gefen gado, ɗagawa ake yi. Ta nan aka saukar da akwatin gawar babana da na kakana. Ni zan fara bi da raina."

Neville ya dubi Glenys, 'yar tsohon. Ita kuwa ta sunkuyar da kai.

A bara ne ta roƙe shi ya yi maganin iskar da ke busowa ta tsakanin allunan, don tari ya hana babanta barci. Sun san ba zai yarda ba. Suka bari sai da ya tafi kasuwar shanu, Neville ya shimfiɗa falanki a kai, ya shafa gam, ya danna ƙusoshi ba tausayi, ya mayar da kafet. Har tsaki ya yi a ranar, yana cewa wa ke buƙatar ramin gawa a zamanin nan.

"Me kake jira, ɗan nan? Ko tumakinka sun cinye maka ƙarfi?" in ji Horace.

"Mista Yapp, allunan sun ɗan kumbura ne. Bari in ɗauko zarto."

Ya ruga cikin ruwa ya dawo. Da ya naɗe kafet, sabon falankin ya bayyana fari fat. Tsohon ya juyo da kai, ya daɗe yana kallonsa.

"To," ya ce. "Shi ya sa na daina jin ƙamshin burodi daga kicin."

"Baba, ni na sa shi," in ji Glenys.

"Na sani. Aikin ya yi kyau dai. Neville ba ya aikin ha'inci."

Neville ya durƙusa ya kama yanka. Gam ya riƙe, zarto yana cin ƙusa yana tsalle, tsohon katakon ƙasa kuma ya yi tauri kamar ƙarfe. Gumi yana ɗiga a hannunsa. Yana jin ma'aikaciyar tana kiran sunan tsohon, tana ƙara kira, bai ɗago ba. Yanka yake yi, har sai da Glenys ta dafa kafaɗarsa.

"Neville, ba sauri kuma."

Duk da haka ya ƙarasa, don babu wata hanyar. Da igiya suka saukar da gawar Horace a hankali, mutum biyu a ƙasa suna tarba.

Da yamma, bayan kowa ya watse, Neville ya tsaya shi kaɗai a kicin. Alluna uku sun tafi, an yanka su gunduwa-gunduwa. Azara ɗaya ta ci zarto har rabi. Sai mai gidan, shi ma ya tafi. Ta ramin da ke sama ana hango ƙafar gado, garin katako yana saukowa kaɗan-kaɗan a kan tebur.