Yaron da Ya Kira Yani Inna

Makarantar koyon sana'a ta garinmu, a gabashin tsibirin Lombok, da sashe biyu aka fi saninta. Akwai nawa, inda nake koya wa 'yan mata renon yara. Akwai kuma na Sajan Mahsun, wani tsohon soja mai ɗingishi, da yake horar da ɗalibai fareti da shugabanci kowace yamma a filin ƙwallo. 'Yan fareti suna kiran ɗalibaina rundunar goge majina. Nawa kuma suna ce musu masu firgita kaji.

Hirmayani ce kaɗai take cikin sassan biyu. Yani muke ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, ga murya da ake ji tun daga bakin titi, shi ya sa Sajan ya ba ta usur ya ɗora ta a kan 'yan aji ɗaya. A hannun kakarta ta tashi. Mahaifiyarta ta tafi aikatau Saudiyya tun Yani tana rarrafe, ta yi aure a can, ba ta sake waiwayo gida ba.

A shekararta ta ƙarshe na tura ta gwajin aiki gidan renon da ke bayan kasuwa. A nan ta haɗu da Ojan, ɗan shekara uku, wanda kakarsa mai sayar da tempe, wato wainar waken soya, take ajiyewa da safe ta ɗauka bayan la'asar. Uwarsa tana aikatau a Malesiya tun yana shan nono. Ba ya magana, sai cizo. Babu ma'aikaciyar da bai bar wa shaidar haƙori ba.

Ranar farko ya ciji Yani a hannu. Ba ta fizge ba. Ta dube shi ta ce, "To, ka gama? In ka gama, tashi mu tafi wanka."

Ta miƙe tana buga ƙafa, hagu dama, hagu dama, kamar a fili. Yaron ya tsaya yana kallonta, can ya bi bayanta yana ɗaga ƙafafu. Tun daga ranar da maci suke zuwa wanka, da maci suke zuwa cin abinci. Ba ya karɓar shinkafa sai daga hannunta, ba ya barcin rana sai ya riƙe gefen ɗankwalinta. Kafin lokacin tsinkar taba ya fara haɗa kalmomi, kuma kalmar da ya fara furtawa sosai ita ce Inna. Yani yake nufi.

Na kira ta ofis na ce, "Yani, kin san abin da na koya muku. Ki gyara masa. Ki ce masa ya kira ki Yaya."

Ta ce, "Na gyara, Malama. Ya ƙi."

"Kin gyara da gaske, ko da baki kawai?"

Ta sunkuyar da kai.

Ana cikin haka uwar Ojan, Sahnim, ta dawo. Ina gidan renon ranar, na je duba ɗalibai. Keken doki ya sauke ta a ƙofa da babbar jaka, ko gida ba ta biya ba. Siririya ce, hannayenta duk sun tsattsage saboda wanki. Ta durƙusa ta fito da motar roba ja, ta ce, "Ojan, zo. Ni ce Innarka."

Yaron ya ruga ya shige bayan Yani. Da Sahnim ta miƙa hannu ta jawo shi, sai ya gantsara mata cizo, ya fasa kuka yana kiran Inna, yana maƙale da ƙafar Yani. Sahnim ta saki. Ta dubi Yani daga sama har ƙasa, ta ce a hankali, "Ke ce kika koya masa?"

Yani ta ce, "Ba wanda ya koya masa. Wadda ya gani ya kira."

Sahnim ta ɗauki jakarta ta fita. Ta zauna a kan dakalin mai sayar da kwakwa, ta rufe fuska da mayafi. Ta daɗe a wurin.

Da muka keɓe na ce wa Yani daga gobe za ta koma ɗakin jarirai, Sahnim kuma za ta riƙa zuwa tana wuni da ɗanta. Yani ta ce, "Malama, wata nawa za ta yi? Kafin damina za ta sake ɗaukar jaka. Sai ya saba da ita ta tafi, ni kuma na riga na sake shi. Wa zai rage masa?"

Na ce, "Ke ma gwajinki zai ƙare, Yani. Ke ma tafiya za ki yi."

Ta ce, "Ni ba jirgi zan hau ba."

Da yammar nan na bi ta filin ƙwallo. Na tarar Yani ta sa 'yan aji ɗaya tsallen kwaɗo a cikin rana don wani yaro ya juya hagu maimakon dama. Wata yarinya har ta fara kuka. Sajan Mahsun ya taso daga inuwa yana jan ƙafa, ya sallami yaran su je su sha ruwa, ya miƙa wa Yani tafin hannu. Ta cire usur daga wuyanta ta ba shi.

Ya ce, "Wa ya taɓa ki kike hucewa a kan 'ya'yan mutane?"

Ni na faɗa masa abin da ya faru a gidan renon. Ya zauna a kan benci yana murza gwiwarsa, ya ce, "Lokacin da na dawo daga aikin soja a Papua, 'yata ƙarƙashin gado ta shige. Ta ce a kori baƙon nan. Wallahi na fi jin zafin wannan a kan ƙafar nan. Ƙanwar matata ce ta rene ta, ita take bi. Sai ƙanwar matar tawa ta riƙa turo ta wurina: kai wa Baba ruwa, kai wa Baba hula. Ita ta tsaya daga nesa. Ba don ita ba da har yau baƙo nake a gidana." Ya sa usur a aljihu. "In kin huce ki zo ki karɓa."

Washegari Yani ta riga kowa zuwa. Da Sahnim ta shigo, Yani ta gaishe ta har ƙasa, ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri da maganar jiya. Ba ya son a ɗauke shi ta baya. Ki zauna kusa da shi ki yi kamar ba ruwanki, shi zai zo. Kifi kuma sai an cire masa fata."

Sahnim ta ce, "Ɗan da na haifa, sai an koya mini shi."

Yani ta ce, "Ni ma koya na yi, Yaya."

Daga nan ta shiga ɗakin jarirai ta ja ƙofa. Ojan ya bi ta, ya yi ta dukan ƙofar yana kira. Ina ciki ina kallonta. Ta tsaya a bayan ƙofar cak, hannaye a gefe, kamar a layin fareti, hawaye suna sauka har haɓarta, ba ta share ba, ba ta kuma buɗe ba. A waje Sahnim tana zaune a ƙasa da kwanon shinkafa a cinya, ba ta matsa ba. Ranar bai ci komai ba. Haka aka yi kwanaki. Wata rana kuka ya gajiyar da shi, ya jingina da jikin uwarsa barci ya ɗauke shi, ita kuwa ta ƙi motsi har ƙafarta ta yi tsami.

Sannu a hankali ya fara karɓar abinci a hannunta. In ya hango Yani ta taga sai ya kawar da kai. Fushi yake yi da ita, kuma bai daina ba har gwajinta ya ƙare. Ranar sallama ta kawo masa dafaffiyar ayaba, ya ƙi karɓa, sai Sahnim ce ta karɓa ta ɓare masa.

Sahnim ba ta koma Malesiya a shekarar ba. Ta samu aikin tsefe ganyen taba a wata rumfar busar da taba, tana kawo Ojan da safe a kan keke. Ko za ta daure ta zauna, ba wanda ya sani, domin mai ɗaukar ma'aikata zuwa Malesiya bai daina zuwa gidansu ba.

Yani ta karɓi usur ɗinta, ita ta ja fareti ranar bikin 'yancin kai. Bayan ta gama makaranta ta nemi aikin soja ba ta samu ba. Yanzu tana wani gidan marayu a birnin Mataram. In ta zo hutu takan biyo ta gaishe ni, ta tambayi lafiyar Sajan da ta kakar Ojan. Ba ta taɓa bi ta bayan kasuwa, inda gidan renon yake, ba, sai dai ta zagaya ta hanyar masallaci.