Takardun Naɗe Ƙosan Baba Turai

Shekara talatin da ɗaya Malam Sabo ya yi a ɗakin ajiyar fayil na jami'a, kuma ko ƙyallen takarda bai taɓa ɓacewa a hannunsa ba. Shi irin mutanen nan ne da ko igiya suka tsinta a hanya sai sun naɗe ta, wai wata rana za ta yi amfani.

Da Hajiya Ikram, sabuwar shugabar ofishin, ta kawo jadawalin ajiyar takardu, ya yi murna. Komai a fili yake: sakamakon jarrabawa a ajiye har abada, takardun neman hutu shekara uku, fayil ɗin ladabtar da ɗalibi shekara goma. Layin ƙarshe ne kawai ya tsaya masa a wuya, inda aka ce duk wadda wa'adinta ya cika a saka ta a injin yayyaga takarda. Takarda lafiyayya, bayanta fari tas! Shi a wurinsa wannan almubazzaranci ne, kuma ya san abin da malamai suka ce a kan almubazzarai.

Sai ya samo dabara. Duk Juma'a yakan ɗaure ƙunshi guda a bayan babur ya kai wa Baba Turai, tsohuwar da ke suyar ƙosai a bakin lungunsu a Madabo, ta riƙa naɗe wa masu saye. Ita ta huta da neman takarda, shi kuma yana lissafin lada.

Wata Asabar da hantsi ya sayo ƙosan, ya zauna a soro ya warware. Mai ya jiƙa takardar, amma sunan ya fito raɗau: Mustafa Garba. Rahoton kwamitin ladabtarwa ne, shafi na biyu. An kama shi da takarda a ɗakin jarrabawa, an dakatar da shi shekara guda.

Malam Sabo ya san mai sunan. Mustafa ɗan Malam Garba tela ne, gida huɗu tsakaninsu. Yanzu shi ne ke koyar da 'ya'yan unguwa a firamare, kowa Malam yake ce masa. Shekarar da ya zauna a gida, cewa ya yi an sauya masa kwas, kuma tsohon bai taɓa sanin gaskiya ba.

Ko hula bai sa ba ya koma wurin mai ƙosai.

"Baba Turai, ina sauran takardun jiya?"

"Ga su nan. Lafiya, kamar wanda aka koro?"

Ya durƙusa gefen murhu yana bincike. Rahoton shafi biyar ne. Ya sami na ɗaya, na huɗu, na biyar. Na uku babu.

"Wa da wa suka saya yau?"

"Haba Sabo! Tun asuba nake suya. Duk unguwar nan wa ba ya cin ƙosaina?"

Ya bi lungu yana duba kwata da juji, yana ɗaga kowace takarda mai maiƙo, mutane na kallonsa. Kunya da baƙin ciki suka cika shi. Bayan azahar ya haƙura ya nufi Mustafa, don gara ya ji daga bakin mai laifi. Ya tarar da shi a ƙofar masallaci, ya ja shi gefe, ya faɗa masa komai, bai rage ba.



"Na san inda takardar take," in ji Mustafa. "Babana ne ya saya. Ba ya karatun boko, amma ya san tambarin jami'a, ya san yadda ake rubuta sunana. Ya goge man da tsumma, ya liƙa ta a bangon shago, saman keken ɗinki. Ɗazu ya kira ni yana murna, wai yabo ne aka yi mini."

"Innalillahi. Mu je in ce ta ofis ce, in karɓo."

"Da ka makara, da ba ka makara ba, shagon tela ne, Baba Sabo. Tun safe mutane ke shiga." Ya sa takalminsa. "Gara in karanta masa da kaina kafin wani ya karanta masa."

"Ka yafe mini, Mustafa. Wallahi alheri na nufa."

"Na sani. Duk shekara sai na ƙirga, ina cewa yanzu kam ai sun ƙona ta."

Malam Sabo ya bi bayansa har bakin shagon, amma bai shiga ba. Daga waje ya ji keken ɗinkin ya tsaya, sannan muryar tsohon, cike da fara'a: "Yauwa, zauna. Karanta mini a hankali, in ji abin da suka ce."