Bishiyar Karnuka

Tunkiya ta uku tana da sauran rai. Noreen ta tsuguna ta dubi cikin da aka farke, sannan ta miƙe ta ɗora mata bakin bindiga a bayan kunne. Ƙarar ta je ta bugi tsauni ta dawo. Ɗan ragon da tunkiyar ta haifa shekaranjiya bai gudu ba, ya ci gaba da tunkuɗar nono.

Karnukan da suka yage su ko ɗaya ba su ci ba. Dingo, karen dajin nan, idan ya manyanta yakan kashe ɗaya ne ya ci ya koma gandun daji. Waɗannan samari ne, wasa suke yi. Su yage wannan su bar ta, su bi waccan.

Ta kwashe gawarwakin da tarakta zuwa ramin da ta haƙa tun farkon haihuwar bana, ba ta rufe ba. Ɗan ragon kuwa ta naɗe shi a tsohuwar rigar sanyin mijinta, ta ajiye a kujerar a-kori-kura. Tana ba shi madara a kwalba wayarta ta yi ƙara. Tegan ce, 'yarta, wadda ke aikin kula da gandun dajin.

"Mama, yau ma?"

"Yau ma."

"Za ki zo taron maganar dingo?"

"Maƙwabcinmu Clarrie ya ce in zo da hotunan ɓarnar."

"Ni kuma ina so ki ba su labarin Gwaggo."

"Kowa da kayan da yake so in ɗauko masa. Na zama jakin gari."

Gwaggo sunan da Wal, mijinta, ya sa wa wata tsohuwar dingo mai yagaggen kunne da ke zaune a tsaunin bayan gonarsu. Bai taɓa yarda a ɗana mata tarko ba. Yakan ce tana gadin ƙasarta, baƙon kare ba ya ratsa ta, kuma shekara da shekaru tumakinsu suna haihuwa lafiya. Da Wal ya rasu bara, maƙwabta suka ga bai kamata a bar mace ita kaɗai da kare a bayan gida ba. Ba su tambaye ta ba. Suka kawo mai tarko, cikin mako guda aka kama Gwaggo. Alheri suka yi mata, ita ma ta toya musu kek. Tun daga nan samarin suka sauko.

Tumakin irin da Wal ya gada ne daga mahaifinsa. Dillalin dabbobi ya daɗe yana zawarcin garken, tana ce masa sai ta ga yadda haihuwar bana za ta kasance. To, ta gani.

Hanyar gari ta bi ta gindin bishiyar karnuka, wani busasshen itacen turare a mararraba. Duk wanda ya kashe dingo a nan yake rataye shi ta ƙafafun baya, don maƙwabta su san ba a zaune ake ba. Ba a sauke na wani. Rana da iska ke saukewa. Gwaggo tana reshen ƙasa, ta bushe ta zama fata, kunnen kawai ake gane ta da shi. Noreen ta saba kallon titi idan ta zo nan.

A zauren taro makiyaya sun zauna dama, mutanen gandun daji da baƙin birni hagu, tukunyar shayi a tsakiya. Clarrie Dunstan, maƙwabcinta na gabas, yana bakin ƙofa. Shi ne ya hau rufin gidanta da tiyo a shekarar da wutar daji ta zo.

"A'a, ga uwar karnuka," in ji shi da ya hango Tegan. "Yau kin shayar da 'ya'yan naki?"

"Baba Clarrie, hular nan ba ta mutu ba har yanzu? Ta girme ni fa."

"Ta kuma fi ki sanin tunkiya."

Suka yi dariya, kowa ya nufi ɓangarensa.

Maganar ɗaya ce: a bari a shiga bakin gandun da tarko da nama mai guba, ko a hana. Wani malamin jami'a ya ce dingo ya riga tunkiya zuwa ƙasar nan da dubban shekaru. Wani daga baya ya ce to ya zo ya kwashi hanjin da hannunsa. Wata dattijuwa daga mutanen asalin ƙasar ta ce dingo a wurinsu ɗan'uwa ne, kuma duk lokacin da ta wuce mararrabar nan sai ta kawar da kai. Hayaniya ta ci gaba.

Da aka kira Noreen, wayar da hotunan ke ciki tana aljihunta. Ba ta fito da ita ba.

"Muna da wata a tsauninmu," in ji ta. "Duk zamanta ba ta taɓa mana tunkiya ba. Tun da aka kashe ta, kullum da safe da bindiga nake fita. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na hagu suka fara tafi. Tegan ta sunkuyar da kai tana murmushi. Clarrie ya miƙe a hankali, yana dafa kujerar gabansa.

"Gaskiya ta faɗa. Ba ta taɓa nasu ba. Nawa take ci." Bai kalli kowa ba sai Noreen. "Wayo gare ta, ba ta ɓarna a ƙofar gida. Takan tsallaka rafi ta shigo min. Yatsanta ɗaya babu a ƙafar gaba, na san sawunta kamar na matata."

"Ba ka taɓa faɗa ba," in ji Noreen.

"Wa zan faɗa wa? Abokina ne."

"Wal ya sani?"

"Duk shekara idan an yaye, sai ya kawo min rago ɗaya, mafi kyau a garkenku. Bai taɓa cewa na mene ne ba, ni ma ban tambaya ba."

Ta tuna ragunan. Wal yakan ce Clarrie na son ya gyara irin nasa. Takan yi mita, ta ce kyautar ta yi yawa.

Aka ce a ɗaga hannu don ƙuri'a. Dama ta ɗaga, hagu ta ɗaga, mai shugabantar taron ya ce za a aika da sakamakon birni, can za a yanke. Hannayen Noreen suna kan cinyarta duka biyun. Ta fita kafin a buɗe kek.

Tegan ta cim mata a wajen mota.

"Mama, ban sani ba. Da ban sa ki ba."

"Ba ki sa ni ba."

"Akwai shingen lantarki, akwai karnukan gadi. Zan zo ƙarshen mako mu..."

"Ki zo. Ki zo da yunwa, akwai nama da yawa."

Ta shiga mota. Ɗan ragon ya farka yana kuka. Ta ba shi sauran madarar, sannan ta kira dillalin. Maganar ba ta yi tsawo ba.

A mararraba ta tsaya daidai ƙarƙashin reshen, ta hau bayan motar. Wayar da aka ɗaure ƙafafun da ita ta yi tsatsa, ta ƙi kwancewa. Tana fama da ita motar Clarrie ta tsaya a bayanta. Ya fito ya daɗe yana kallo.

"Noreen, ba a saukewa."

"Na sani."

"Mutane za su ce kin koma wajen 'yarki."

"Su ce."

Ya koma motarsa. Ta ɗauka tafiya zai yi, sai ga shi da abin yanka waya. Ya miƙo mata, bai hau ba. Ta datse. Gwaggo ta faɗo hannunta, ba ta fi buhun da babu komai ciki nauyi ba. Ta shimfiɗe ta a bayan motar.

Ta sauko ta buɗe ƙofa, ta ɗauko ɗan ragon da rigar da yake ciki, ta ɗora wa Clarrie a hannu.

"Mene ne wannan?"

"Na bana. Ba a yaye shi ba, sai ka yi haƙuri da kwalba. Sauran, babbar mota za ta zo ta kwashe su."

"Duka?"

"Duka."

Ya dubi rigar. Ya san ta.

"In babu naki," in ji shi daga baya, "kaina karnukan za su dawo gaba ɗaya."

"Na sani, Clarrie."

Ta bar shi tsaye a ƙarƙashin bishiyar, ɗan ragon yana tsotsar masa yatsa. Rana ba ta faɗi ba ta isa gona. Ramin don tumaki ta haƙa shi, amma akwai sauran wuri a gefe. Ta ajiye Gwaggo a nan, ta tayar da tarakta don ta rufe ramin.