Mako Shida Ba Kiɗa

Shekara ashirin da biyu ina taka zugazugin ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu, a majami'ar garinmu. Ni ke ba shi iska, Malam Ehrenfried, shugaban mawaƙa, ke kaɗa shi. In na tsaya, shi ma ya tsaya. Don haka nakan gaya masa gaskiya ba tsoro.

Yana da ƙanwa, Apollonia. Ranar da ta auri wani masaƙi ɗan Katolika, ba ɗan majami'armu ba, ya fitar da akwatinta bakin titi, ya rufe ƙofar gidan ubansu. Shekara goma sha tara ke nan. Mijin ya rasu, ita kuma ciwon ƙirji ya kama ta, kowa ya san ba za ta ga bazara ba.

A kakar nan ya ɗauko wata tsohuwar addu'ar tuba ya yi mata kiɗa: murya ɗaya da ogan. Farkonta a hankali, kamar mai hawan matakala da kaya a ka, ƙarshenta sai ta buɗe. Muka yi ta gwadawa har cinyoyina suka yi tsami. Rannan ya leƙo bayan ogan ya ce in je in gaya wa Apollonia ta zo ranar Tuba, akwai abin da za ta ji.

Na ce masa gidanta taku ɗari uku ne daga nan, kuma Allah bai cire masa harshe ba. Ya ce to, faston bayan ogan ya fara wa'azi, in riƙe iskata in zuba a zugazugi inda take da amfani. Waƙar za ta faɗi komai.

Na je. Na same ta tana shan romon kabeji. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Yaya bai sake hali ba. Ko gishiri yake so a tebur, sai ya aiko mutum."

Amma ta zo. Maƙwabta biyu suka riƙo ta, suka zaunar da ita a bencin ƙarshe, wurin baƙi. Daga saman benen da ogan yake muna hango farin ɗankwalinta.

Kafin a buga ƙararrawa ta biyu, ɗan saƙon fada ya sauka daga doki da takarda mai baƙin hatimi. Mahaifiyar yariman ƙasarmu ta rasu. Doka kuwa sananniya ce: mako shida ba ogan, ba waƙa a kowace majami'a. Fasto ya hau da kansa ya kulle ogan, ya ɗaura masa baƙin ƙyalle, ya sa mabuɗin a aljihu.

Malam Ehrenfried ya tsaya da takardun waƙar a hannu. Na kama hannun rigarsa.

"Malam, matakala goma sha huɗu ce. Sauka ka gaya mata."

"Traugott, ban iya da baki ba."

"Kalma uku ce. Ki yafe mini."

Ya taka ta farko, ya taka ta biyu, ya zauna a kan ta uku. Nan ya zauna har aka gama huɗuba. Ni ba zan iya ɗaukar ƙaton mutum in sauke ba, kuma tuba ba a yi wa wani. Da aka tashi, Apollonia ta jira kowa ya fita. Ta ɗaga kai ta dubi inda muke, ta daɗe. Sannan aka riƙe ta aka tafi.

Malam Ehrenfried ya ce mako shida ba yawa, zai jira. Kullum da safe ina gaya masa ya je, kullum yana gyara wani layi a waƙar. A mako na huɗu aka binne Apollonia a maƙabartar Katolika.

Lahadin da aka buɗe ogan, aka rera waƙar. Mata suka yi kuka, fasto ya ce bai taɓa jin tuba mai daɗi haka ba. Ni ina baya ina taka zugazugi, ina ba ta iska, don aikina ke nan. Ta tsagar katako ina ganin bencin ƙarshe.