Ƙayar Kabarin Enoch

Tarin shiƙa ya shiga ƙauyen ana gama yankan alkama, kuma kafin ya iso gidan Keziah ya riga ya kwashe yara huɗu. Dorcas, 'yarta tilo, shekararta biyar. In tarin ya taso mata sai fuskarta ta yi shuɗi, ta ja numfashi da ƙara kamar zakaran da aka shaƙe, duk abin da aka ba ta ya dawo. Maganin likita ta sha kwalba guda, kamar an zuba ruwa a rariya.

Kowa ya san abin da ya rage. A nemi ƙayar bilakberi, mai ƙananan 'ya'ya baƙaƙe da ake ci, wadda reshenta ya tanƙwaro ya sake kafa saiwa a ƙasa, har ya zama kamar ƙofa. A ratsa da yaro ta ciki sau tara da hudowar rana, a ajiye burodi da man shanu a gindinta, tarin ya zauna nan a bar shi.

Kwana uku Keziah tana bin shingayen gonaki. Ma'aikatan mai ƙasa sun riga sun sassare su kaf. Rana ta uku tana dawowa, hannayenta duk jini, ta haɗu da tsoho Jabez mai haƙan kabari a ƙofar coci.

"Ke Keziah, da kyanwa kika yi dambe?"

"Baba Jabez, yau ba ni da bakin wasa. Yarinyar nan tafiya za ta yi."

Ya sauke shebur ɗinsa. "Rabonki da kabarin mijinki tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. Tun da aka kai Enoch, shekara biyu ke nan, ta kasa tsayawa a wurin.

"Ƙayar da na ɗaure masa don kada tumaki su tattake shi ta kama," in ji shi. "Kai da gindi duk sun kafu. Ko a can ma Enoch bai daina aiki ba. Ku zo da sassafe, kafin limamin coci ya gama aske gemu, don in ya gan ku ni zai yi wa wa'azi."

Gari na wayewa suka iso, ita da surukarta Hepzibah, da Dorcas a naɗe cikin bargo. Raɓa ta jiƙa musu riguna har gwiwa. Keziah ta durƙusa a gefen kabarin, tsohuwar ta durƙusa a ɗaya gefen, suka riƙa miƙa yarinyar tsakaninsu. Ba ta fi nauyin kaza ba. Jabez na ƙirgawa, yana leƙen gidan liman.

A na taran, Dorcas ta buɗe ido. Saman kanta, a jikin reshen, 'ya'ya uku ne suka rage, baƙi wuluk, sun nuna luguf.

"Mama, ba ni."

Kwana huɗu ke nan ba ta nemi abinci da bakinta ba. Keziah ta kai hannu, sai Hepzibah ta buge shi.

"Kin haukace? Ranar Mala'ika Mika'ilu ta wuce tun shekaranjiya. Wa ke cin su yanzu?"

Keziah ta sani, tun tana goye aka gaya mata. A ranar ce aka jefo Shaiɗan daga sama ya faɗa cikin ƙayar nan, shi ya sa duk shekara yake dawowa ya tofa mata yawu.

"Haba Hepzibah," in ji Jabez. "Ni shekara sittin ina cinsu har sanyi ya kama. Ga ni nan, mummuna dai, amma da raina."

"Kai ai Shaiɗan ba ya cutar nasa. Rufe mana baki, tsohon banza!" Ta juyo ga Keziah. "'Yar nan, na binne ɗana a nan. Kada ki sa in binne jikata. Yanzu muka gama maganin, za ki ɓata shi da hannunki?"

"Ɗaya kawai, Mama," in ji Dorcas.

Keziah ta dubi 'ya'yan, ta dubi burodin da ta ajiye a gindin ƙayar. Kwana uku ta yi tana neman ƙofar nan, kuma bayanta ba ta da wata. Ta janye hannunta.

"Baɗi, uwata. Baɗi zan cika miki kwando, ki ci har haƙoranki su yi baƙi."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa. Tana saɓe a kafaɗar uwar tana kallon reshen har suka fita ƙofar coci.

A gida an gwada madara, an gwada romo, ta kau da kai. Washegari ta sake tambaya sau ɗaya. Rana ta uku da hantsi tarin ya taso, bai sake ta ba.

Jabez ya haƙa mata kabari kusa da na ubanta. Da kafinta ya kawo ɗan akwatin, aka nemi Keziah aka rasa. Can sai ga ta ta shigo tana haki, hannunta a dunƙule, ruwa ja-ja na bin yatsunta. 'Ya'yan ƙayar biyu ta samu, tsuntsu ya riga ya cinye ɗaya.

Matan da ke ɗakin suka ja da baya, wata ta ce, "Allah ya tsare mu." Kafinta ya ɗaga murfi zai rufe.

"Dakata, malam," in ji Hepzibah, ta riƙe murfin da hannu biyu. "Ba ka ga uwarta ba ta gama ba?"

Keziah ta buɗe tafin Dorcas, ta sa mata su, ta naɗe 'yan yatsun a kai.